Wasiƙar Da Ta Ce Kar A Ba Ta Amsa

Tun kafin ku yi nisa bari in gaya muku, a wannan kashin ne komai ya lalace, kuma da ɗan yatsana na lalata shi. Masu rubuto min a ƙasa kuna cewa, "Baba, kai mutumin kirki ne," ku ɗan riƙe yabonku tukuna har ku kai ƙarshe.

Waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a shago ɗaya, tsakanin mai sayar da zare da mai aski. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. 'Ya'yana huɗu, mace ɗaya ce, ita ce ta fari. Uwata nake kiranta, don sunan mahaifiyata ne da ita. Aikin ɗaukar hoton ƙashi ta karanta, irin wanda ake yi a asibiti, ta gama bara da sakamako mai kyau. Wata uku da suka wuce ta nemi aiki a wani babban asibiti da ke wani gari, tafiyar awa shida a mota. Tun daga ranar take jiran su kira ta.

Sai kuma mai neman aurenta, Malam Sifili.

Ni na raɗa masa wannan sunan, a zuciyata kawai, amma ya fi wanda iyayensa suka sa masa dacewa da shi. Aikinsa a wani kamfanin jigilar kaya yake, kuma in kun ji yana bayanin aikin sai ku rantse shi ya kafa kamfanin. Da na matsa masa da tambaya, ashe duk abin da yake yi shi ne buɗe wasiƙun manaja. Namiji da gemunsa, ya tashi da safe, ya sa kwat, ya ɗaura taye, ya je ya karanta wasiƙar wani. Babban abin alfaharinsa a duniya kuwa shi ne wai duk yamma kafin ya tashi, akwatin saƙonsa na imel sifili yake nunawa. Babu saura ko ɗaya. Ya faɗa min haka sau biyar, ina ƙirgawa.

Za ku ce ina ruwana da imel. To, da ruwana. Tun Uwata tana sakandare, ba ta da waya, a wayata aka buɗe mata adireshin. Da ta yi tata wayar ba wanda ya tuna ya cire. Wata biyu da suka wuce kuma tata ta faɗa bokitin wanki, ta koma riƙe ƙarama mai maɓallai. Saboda haka kullum na dawo daga shago, kafin in cire takalmi za ta miƙo hannu.

"Baba, ara min in duba ko sun turo."

Ta duba, ta miƙo min, ta ce, "Shiru." Kullum haka.

Ta nan ne nake ganin wasiƙun soyayyar Malam Sifili suna faɗowa a fuskar wayata, ba don ina so ba. Ku saurari ɗaya, wallahi ban ƙara ko harafi ba:

"Muhimmanci: matsakaici. Na ɗaya, barka da safiya. Na biyu, na yi kewarki. Na uku, ba sai kin ba da amsa ba."

Jama'a, wannan ne mutumin da uwar yara ke mutuwar so ya zama surukinta. In na yi magana ta ce, "Malam, yaron yana da tsari. Kai da ko rasit ɗin lantarki ba ka san inda kake ajiyewa ba." Burinta a sa rana kafin ƙarshen shekara. Uwata kuma ta ce sai ta fara aiki. A kan wannan ake ta ja a gidana tun watan jiya.

Wata ranar Asabar da yamma ya zo. Riga ruwan toka ya sa, an goge ta har tana sheƙi, da wando wanda ya ƙi kaiwa idon sawu, da takalmi ba safa. Turarensa ya riga shi shiga falo. A hannunsa akwai agogon nan mai ƙirga takun mutum, yana zama ya duba shi, kamar an aike shi ya auno tsawon layinmu. Uwar yara ta fito da kofunan da ba a taɓa ba ni shayi a ciki ba, ta shimfiɗa sabon mayafin tebur mai furanni. Uwata ta fito cikin doguwar riga shuɗiya, ta zauna a kujerar kusa da taga.

Tsautsayi ya sa na bar wayata a kan tebur. Ta yi haske, idonsa ya faɗa kanta. Sai ya dafe ƙirji.

"Baba! Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu?"

Na ce, "Na me?"

"Saƙonnin da ba a buɗe ba. Wannan jar lambar. Baba, ta yaya kuke iya barci?"

Na ce, "A kwance."

Uwata ta rufe baki da hannu. Uwar yara ta watso min harara. Shi kuwa ko a jikinsa, ya gyara zama, ya ɗauki wayar da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Abin da sauƙi, Baba. Kowane saƙo tambaya uku ake masa. Wa ya aiko? Yana buƙatar amsa? Yau yake buƙatarta? In yau ne, a sa masa tauraro. In ba yau ba ne, a tura shi folda. In ba ya buƙatar amsa kwata-kwata, ba shi da gurbi a akwatinku. Shara ne."

"To ta ina zan san wanda ba ya son amsa?"

Ya yi murmushin nan nasa na malamin da ya samu daƙiƙin ɗalibi. Ya buɗe wani tallan sabulu, ya nuna min adireshin da farcensa.

"Kun ga wannan kalmar ta farko? Ma'anarta, kar a ba da amsa. Inji ne ya aiko, ba mutum ba. Masu talla ne galibi. Kuna iya toshe su ma, kar su sake damun ku."

Uwar yara ta ce, "Ka ji ilimi. Malam, ka koya mana."

Ya juya wajenta yana yaƙe haƙora. "Mama, ai ba laifinsu ba ne. Zamaninsu daban. Wasu abubuwan sai an bar wa yara."

Maganar nan ta tsaya min a wuya kamar ƙashin kifi. Ni da zan kwance keken ɗinki har ƙaramar ƙusa, in mayar da shi idona rufe, yaron da bai san bambancin allura da ƙusa ba yana cewa a bar wa yara. Kafin ya ɗauke yatsansa daga kan wayar, na kalli kalmar nan da kyau na haddace siffarta. Da suka fita raka shi, na rubuta ta a bayan kwalin allura.

Ranar Litinin shago ya yi shiru, keke ɗaya kawai aka kawo, shi ma bel ne ya saki. Na gama, na wanke hannu da kananzir, na sa tabarau, na ajiye kwalin allura a gabana. Na ce yau sai na ga abin da ke cikin aikin nan da har ake sa masa taye.

Na rubuta kalmar a wurin nema. Sai ga su sun jeru, ɗaruruwa. Masu sabulu, masu takalma, masu cewa ka ci kyauta. Raina ya ɓaci. Ku duba min rashin tarbiyya: ka aiko wa mutum wasiƙa har cikin aljihunsa, sannan ka ce kar ya ba ka amsa. Ko manajan Malam Sifili bai isa ya yi min haka ba. Na shiga sharewa ina toshewa, ina jin daɗi kamar mai kashe sauro.

A cikinsu akwai wani adireshi, kalmar nan a gaba, sai wasu haruffa huɗu da ba su ba da ma'anar komai ba. Saƙonninsa shida ne, duk da Turanci mai tsawo, babu hoto, babu kala. Na ɗan tsaya a kansa. Gaskiya na tsaya. Amma na tuna tambaya ta biyu, yana buƙatar amsa? Ai shi da bakinsa ya ce ba ya so. Na share, na toshe.

Kafin la'asar lambar ta sauko zuwa dubu bakwai. Mai aski ya leƙo ya ce, "Yau kuma gyaran waya aka koma?" Na ce masa aikin ofis nake, kar ya dame ni.

Da yamma Uwata ta karɓi wayar, ta zaro ido.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Wani tsoho ne da aka ce zamaninsa ya wuce."

Ta yi dariya har da tafawa. Ta ce, "Kai, Babana!" Ta duba saman akwatin, ta ce, "Shiru dai." Ta miƙo min. Na kwana ina jin kaina a sama.

Sati uku suka wuce a haka.

Ranar Laraba da yamma Malam Sifili yana falo, yana yi wa uwar yara bayanin yadda ake jera kayan firji, sai ƙaramar wayar Uwata ta yi ƙara. Ƙawarta ce, wadda suka yi karatu tare, suka nemi aikin tare. Muryarta har inda nake zaune.

"Kin danna naki? Ni tun satin jiya na danna nawa. Litinin ne fa ganawar, mu tafi mota ɗaya!"

Na ga fuskar 'yata ta canza kamar an ɗauke wuta. Ta ce, "Wane nawa?" Ta saurara kaɗan, ta ce, "To, na gode," ta kashe. Ta miƙo hannu wajena.

Kafin wayar ta kai gare ta, Malam Sifili ya tare.

"Kawo in duba miki. Akwai lunguna da ba kowa ya sani ba."

Ta sakar masa. Ai shi ne gwani. Muka zuba masa ido mu uku. Ya danna nan, ya danna can. Sai na ga yatsansa ya tsaya cak. Ya karanta wani abu, leɓensa yana motsi. Ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, gajere. Sannan ya kashe fuskar wayar ya ajiye ta a kan tebur.

"Babu komai. Na duba ko'ina. Ki yi haƙuri, ba su ɗauke ki ba."

Uwata ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce, "Na fi ta maki fa." Shi ke nan abin da ta ce. Uwar yara ta matsa ta dafa ta.

"Haka Allah ya so. Dama ni garin nan mai nisa bai kwanta min ba. Ga mutum a gabanki yana jira, me ya rage?"

Malam Sifili ya sunkuyar da kai wai shi mai kunya. Uwata ta daɗe tana kallon furannin mayafin tebur. Can ta ce, "Duk yadda kuka gani, Mama." Ta tashi ta shige ɗaki.

Zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. A ƙasan baƙin cikin da na ji, akwai wani ɗan sanyi. Awa shida a mota ba wasa ba ne. Wa zai duba ta in ta yi zazzaɓi? Wane irin ɗaki za ta kama, da wane irin maƙwabta? Wata uku ina wannan lissafin a raina. Da aka ce ba su ɗauke ta ba, wani ɓangare na zuciyata ya ce alhamdu lillahi. Ku zage ni, na yarda.

Washegari Alhamis, wajen sha biyu da rabi, ina kan keken wata tela, sai na ji turaren nan. Na ɗago, ga shi tsaye a bakin shago, yana neman inda zai taka da babu baƙin mai. Bai taɓa zuwa shagona ba. Na tura masa benci, ya shimfiɗa hankici kafin ya zauna.

"Baba, ara min wayar."

Na ba shi. Ya danna sau uku ko huɗu, ya juyo min da ita. Wani wuri ne da ban taɓa gani ba, cike da tarkace. A sama akwai saƙo daga adireshin nan mai haruffa huɗu.

"Ka gane shi?"

Na lura ya daina ce min "ku". Na ce, "Na talla ne."

"Na asibitin ne. Haruffan nan sunan ofishinsu na ɗaukar ma'aikata ne a taƙaice. Ka toshe su, shi ya sa saƙon ya faɗo nan. Kwana tara ke nan da zuwansa. Sun gayyace ta."

Sukudireban da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

"Amma jiya ka ce babu."

"Rufa maka asiri na yi, Baba. A gaban matarka da 'yarka zan ce kai ka jefar? Da wane ido za su kalle ka?"

"To yanzu fa? Tashi mu je!"

Bai motsa ba. Ya ɗaga hannu ya duba agogon takunsa.

"Akwai wuri a cikin saƙon da za ta danna ta tabbatar za ta zo. Ƙarfe huɗu na yau yake rufewa. Bayan kwana talatin kuma saƙon zai goge kansa, ko inuwarsa ba za a gani ba." Ya ɗan matso, ya rage murya. "A aikina na koyi abu ɗaya. Wani saƙon, in ka ƙyale shi, shi yake warware kansa. Kai ba ka son ta yi nisa, na sani, na ga fuskarka jiya. Ni ma ba na so. Ba sai ka yi komai ba, Baba. Zama kawai za ka yi."

Ya mayar da wayar fuskarta ta kullum, ya ajiye min a kan tebur tsakanin ƙusoshi. Ya naɗe hankicinsa gida huɗu, ya ce a gai da Mama, ya tafi yana tsallake tabon mai.

Na bi bayansa da kallo. Wandon nan da bai kai ƙasa ba, ƙeyar nan da aka yi wa aski kamar da ma'auni. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a lokacin ba. Ya auna ni, ya sa ni a foldar da ta dace da ni: tsoho matsoraci, ba ya buƙatar amsa.

Ga inda nake so ku riƙe yabonku. Na zauna.

Ƙarfe ɗaya ta yi ina zaune. Na ce bari in gama keken nan tukuna, ai matar tana jira. Na ɗaura ƙugiyar zare a juye, na kwance, na sake ɗaurawa a juye. Ƙarfe biyu ta yi. Ina ta jin muryarta tana cewa, "Kai, Babana!" ina tunanin yadda muryar za ta koma in ta sani. Na ce ko in danna mata da kaina, ba wanda zai ji. Na ɗauki wayar na nemi lungun nan, na shiga nan na fita can, har na tsinci kaina a wurin canza ƙarar waya. Ban same shi ba. Na kai wa mai aski, ya ce shi waƙa da kira kawai ya sani. Na ce bari in kira ta. Na nemo lambarta, na kalle ta, na ajiye. Wannan ba maganar waya ba ce, haka na gaya wa kaina. Ƙarya nake, tsoro ne.

Sai uku da rabi na ja ƙofar shago. Ko kwaɗo ban tsaya sawa ba, na ce wa mai zare ya sa ido. Motar da na shiga ta tsaya a kowace kwana tana ɗaukar mutane, ina ji kamar in sauka in tura ta. Daga bakin titi zuwa gida da gudu na ƙarasa, ni da rabona da gudu tun ina saurayi.

Na same su a falo. Uwar yara ta baza wasu yadudduka a kan kujera, tana ɗaga ɗaya tana kara wa Uwata a kafaɗa. Ita kuma tana tsaye kamar gunkin da ake rataya kaya a shagon tela, da tsohuwar rigarta ta zaman gida, idonta a kumbure.

"Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?"

Ban kula ta ba. Na miƙa wa 'yata wayar da hannu biyu.

"Uwata, sun turo. Yana cikin tarkace. Ni na toshe su ranar da na yi shara. Ki yi sauri, huɗu yake rufewa."

Ba ta tambaye ni komai ba. Yatsunta suka yi abin da na kasa cikin awa guda. Ta buɗe, ta karanta, ta danna. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a tsakiyar fuskar wayar. Na kalli agogon bango. Huɗu da minti goma sha ɗaya.

Shafin ya buɗe. Layi ɗaya ne a jiki. Ta karanta mana shi da Hausa, muryarta a daidai kamar mai karanta labarai.

"An rufe karɓar amsa."

Uwar yara ta saki yadin ya zube. Ni kuwa na jingina da bango.

Uwata ta gangara ƙasan saƙon, ta samu lambar waya. Ta kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake, haka. Ta sake. Akwai wani adireshi a can ƙasa da ƙananan haruffa, na masu neman bayani. Ta zauna a hannun kujera ta rubuta musu, ta goge, ta sake rubutawa, ta tura. Duk wannan ba ta kalle ni ba. Sai da ta gama ta ɗago.

"Baba, kai ba ka san wurin nan ba. Wa ya nuna maka?"

Na sunkuyar da kai.

"Baba."

Na ce, "Shi."

"Yaushe?"

"Ya zo shago da rana."

"Jiya ya gani ke nan."

Na gyaɗa kai.

Uwar yara ta yi caraf. "To ai ka ji, rufa wa ubanki asiri ya yi. Yaro mai hankali. Da wani ne da a gaban kowa zai tona..."

"Mama, don Allah." Ba ta ɗaga murya ba, amma uwar ta yi tsit. Ta sake juyowa kaina. "Da rana ƙarfe nawa?"

Da na so, da na ce uku. Ba mai ƙaryata ni sai shi, shi kuma ba zai so a tono zancen ba. Na ce, "Sha biyu da rabi."

Na ga tana ƙirgawa a ranta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Awa uku," a hankali, kamar tana karanta sakamakon hoton wani mara lafiya da ba ta sani ba.

Daidai nan wayar ta yi haske a hannunta. Malam Sifili ne, ta imel, kamar kullum. Ina tsaye kusa, na gani.

"Muhimmanci: babba. Na ɗaya, ina tare da ke a wannan rashi. Na biyu, na ware Asabar don maganar sa rana. Na uku, ina jiran amsa yau."

Ta karanta har ƙarshe. Ba ta share shi ba, ba ta amsa ba. Ta shiga wani wuri ta canza kalmar sirri, ta cire akwatinta daga wayata gaba ɗaya, ta ajiye min ita a kan tebur. Ta ɗauki mayafinta da ƙaramar jaka ta ce za ta gidan gwaggonta, ƙanwata, akwai kwamfuta a can. Na ce bari in raka ta titi. Ta ce, "Ka huta, ka sha gudu."

Yau Asabar nake rubuta wannan, a shago, keken telar nan yana gabana har yanzu ban haɗa shi ba. Jiya ƙanwata ta kira ni ta wanke ni tas. A ƙarshe ta ce Uwata ta kira ofishin sau tara, wata mata ta ɗauka sau ɗaya ta ce za ta tambaya. Ta ce yarinyar ta goge takardunta, ta sa su a jaka, wai ko an kira ta ko ba a kira ta ba, ranar Lahadi za ta bi ƙawarta ta je ta tsaya a ƙofarsu. Na ce zan biya kuɗin mota. Ƙanwata ta ce an riga an biya.

Malam Sifili kuwa ya zo gidana ɗazu da safe, da sabon taye, a kan lokaci kamar yadda ya rubuta. Uwar yara ce ta kira ta gaya min, wai yana falo yana tambayar ina nake. Na ce ta ce masa ina zaune, kamar yadda ya umarta. Ta ce ba ta gane ba. Na ce shi zai gane.

Ban sani ba ko za su bar ta ta shiga ranar Litinin. Ban san amsar da za ta ba shi ba, don ba ta gaya wa kowa ba, har gwaggon tata. Kuma ban sani ba, in ta dawo, ko a gidana za ta sauka.